Gwangwanin Gwaggo Damaris

Da muka dawo daga maƙabartar Tafo,
jar ƙasa na manne da takalmanmu,
aka raba abin da ta bari kafin shayi ya huce:
zane huɗu, tabarma, tukunya mai toshi,
sai gwangwanin awo. Shi ya faɗo hannuna.

Na kifa shi a cinya, na shafa gindinsa.
Sumul.
Shekara talatin da ɗaya a kasuwar Asawase
yana auna wake, gero, gyaɗa da masara,
guduma ba ta taɓa sanin jikinsa ba.

Wanda bai zauna rumfa ba ba zai gane ba.
Da dare ake kifa gwangwani a kan turmi,
a ɗan doki gindin ciki, sau biyu, a hankali,
gobe cikinsa ya gaza abin da ido ya gani.
Tafi ɗaya na wake a kowane awo:
tara shi shekara goma, ka ga bulo, ka ga kwano,
ka ga ɗaki biyu a Aboabo.
Maƙwabciyarta ta gina. Mun sha kunun buɗe gida.

Gwaggo kuwa tana biyan haya ta mutu.

Na taɓa yi mata tsiwa ina 'yar sha biyar,
ranar da aka koro ni kan kuɗin makaranta:
"Kowa na yi! Ke kaɗai Allah yake kallo?"
Ba ta ɗago daga tsintar tsakuwa a faifai ba.
Ta ce, "Lidiya, hannun da zan miƙa ran Lahadi
in karɓi gurasa a teburin Ubangiji,
shi zai riƙe guduma daren Asabar?
Hannu biyu gare ni, kuma ya san su duka."

Kada ku ɗauka ruwan randa ce.
Tana da baki, kaifin wuƙar mahauta.
Na sha ganin zagi ya taso mata har maƙogwaro
in mai saye ya watsar da wake ya wuce,
sai ta ciji leɓe, ta haɗiye shi kamar maɗaci,
ta tsuguna tana tsincewa ƙwaya-ƙwaya.
Wata rana yakan kuɓuce mata.
Daren nan ba ta taɓa tuwo
sai ta taka har ƙofar wanda ta yaɓa wa magana.
Laraba kuma azumi,
mai ƙosai na suya taku uku daga hancinta.

Fasto ya yi maganar kambi a bakin kabari,
da birnin da ba a kunna fitila.
Na gaskata.
Amma kan Gwaggo da gammo ya saba,
ban san yadda kambi zai zauna mata ba.

Ni dai ga yadda nake ganinta:
ta iso ƙofa tana kwance bakin zane,
tana laluben kuɗin haya bisa sabo.
Yesu ya riƙe hannun, wannan da bai ɗauki guduma ba,
ya ce ta bari, an biya tuntuni,
ɗakin nata ne, ba mai ƙwanƙwasawa ƙarshen wata.
Sannan ya ce ta shimfiɗa zanen.
Yana zubawa, tana cewa ya isa, ya isa,
an yi mini gyara fiye da ciniki,
shi kuwa dariya yake, bai daina ba.

Ba saya ta yi ba, ita ma takan faɗa:
alheri ba ya shiga gwangwani.
Sai dai wanda ya ɗanɗana shi
kunyar tauye awo yake ji.

Jibi Litinin, rumfar ta zama tawa.
Buhun wake ya tashi, mai gida ya ƙara sidi ɗari,
guduma na nan ƙarƙashin gado inda take kullum.
Ruwa ya sauko a kan kwanon ɗakin.
Na goge gwangwanin da gefen zanenta,
na sa shi a kwando, na ɗaura ƙararrawar asuba.